Filtar gas a ƙaramar tarakta: awa 400 ko kafin nan?

Ranar da ruwan shuka ya sauka a garinmu bara waccan, ƙaramar taraktar kawuna ta tsaya cak a tsakiyar gonar mutane. Ni ke riƙe da lissafinta: ni nake karɓar kuɗin masu gona, ni nake sayen gas, ni nake sallamar direba. Da hantsi sai ga wayar direban. "Yaya, motar nan fa ta ƙi ja. A kan hanya lafiya lau take tafiya, amma da na sauke haro sai ta fara shaƙewa, ta yi ta fizga, ta mutu. In na bar ta ta huta kamar minti goma sai ta tashi, in yi layi biyu ta sake mutuwa." Mutum shida ke jiran layi a ranar, duk sun ba da kafin alƙalami, ga shi kuma laimar da ƙasa ta samu yau, jibi war haka ta tafi.

Makaniken da muka ɗauko dattijo ne, ya daɗe ƙwarai yana gyaran injin gas. Na zaci injekta zai nufa, wato famfon da ke matse gas ya aika shi cikin inji, gabana har ya fara faɗuwa don na san kuɗin gyaranta. Bai ko kalle ta ba. Ya durƙusa gefen inji ya leƙa ɗan kofin nan mai haske da ke ƙarƙashin filta, ya kira ni in gani da idona: ruwa ne kwance a ƙasan kofin, kaurin yatsa guda, gas yana yawo a kansa. Ya kwance filtar, ya sa zarto ya raba ta biyu a kan dutse, ya warware takardar cikinta mai ninki-ninki. Sabuwar takarda rawaya ce. Wannan ta koma baƙa ƙirin, ga wani abu mai yauƙi kamar miyar karkashi ya cushe tsakanin ninkin, in ka murza da yatsa kuma ka ji ɓurɓushin yashi. Ya ce, "Ɗana, yaushe rabon da a sauya ta?" Na ce, "Baba, ai ba ta isa ba. Littafi ya ce awa 400, ita kuwa ko 250 ba ta cika ba." Ya ce, "Wanda ya rubuta littafin bai ga gas ɗin da kuke zuba mata ba."

Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan tambaya ta yaushe ya kamata a sauya filtar gas, domin na lura kusan duk mai ƙaramar tarakta yana yin ta, kuma amsar da ake ba shi lamba ce guda ɗaya tilo. Lambar gaskiya ce, amma ba ita ce dukkan zancen ba.

Abin da kamfanoni suka rubuta bai yi nisa da juna ba. A littattafan taraktocin Kubota na jerin L da dama, an ce a wanke kofin filta da abin cikinsa duk bayan awa 100, a sa sabuwa duk bayan awa 400. Ƙananan taraktocin John Deere masu injin Yanmar su ma a nan wajen awa 400 suke. Perkins, wanda injinsa ke cikin taraktocin Massey Ferguson da muka saba da su, yakan ce awa 500 ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Saboda haka in aka ce maka tsakanin awa 400 da 500, ko sau ɗaya a shekara, ba a yi maka ƙarya ba. Wanda yake da littafin taraktarsa ya buɗe ya duba, don kowace da nata. Sai dai a sani, wannan adadi iyaka ce da ba a so a ƙetare, an kuma yanka ta ne bisa zaton cewa man da ke shiga tanki mai tsabta ne, daga famfon gidan mai ya wuce kai tsaye zuwa tanki. Littattafan da kansu sukan ƙara da cewa in ana aiki cikin ƙura ko da man da ba a amince da shi ba, a rage tazarar. Wannan ɗan layi ne ake tsallakewa, alhali mu shi ya fi shafa.

Kafin a gane dalilin, sai an bi gas ɗin daga tanki zuwa inda yake ƙonewa. Yana fitowa daga tanki ya bi tiyo ya faɗa kofin da ke raba shi da ruwa da laka mai nauyi. Daga nan ƙaramin famfo ya tura shi cikin filta, sannan ya isa injekta, ita kuma ta matse shi da ƙarfi ta aika wa nozil, nozil ya fesa shi cikin inji kamar hazo. Sassan da ke cikin injekta da nozil ƙarfe ne da ke goga ƙarfe, kuma ratar da ke tsakaninsu ba ta kai maikiron biyar ba. Maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum yana kai wajen maikiron 70, idon mutum kuwa ba ya ganin abin da ya gaza maikiron 40 ko makamancin haka. Wato dattin da ke cinye injekta ba ya ganuwa. Kana iya ɗaga kwalbar gas sama ka gan shi garau, alhali yana ɗauke da ƙurar da za ta yi wa ƙarfe abin da dutsen wasa ke yi wa wuƙa. Kuma waɗannan sassa ba baƙin mai ke shafa su ba, gas ɗin ne da kansa. In ruwa ya shiga, santsin ya tafi, tsatsa ta biyo baya.

A nan ne ake samun bambanci babba tsakanin tsohon inji da sabo. Tsohon inji mai injekta ta gargajiya, nozil ɗinsa yana buɗewa ne in matsi ya kai kamar ninki 70 zuwa 100 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Filtarsa takan tare abin da ya kai maikiron goma ko sama, kuma yana da haƙuri: zai sha gurɓataccen mai ya yi ta tari yana tafiya, lalacewar tana taruwa a hankali. Sabon tsari, wanda makanikai ke kira kwaman-rel, yana tara mai ne a cikin bututu guda a matse, kwamfuta tana buɗe nozil tana rufewa. Matsin da ke cikin wannan bututu yana kai ninki 700 zuwa 800 na iskar taya, wani lokaci fiye. A irin wannan matsi, ƙwayar ƙura ta maikiron huɗu ko biyar ta isa ta yi ɓarna, shi ya sa filtocinsa suka fi ƙanƙantar ido, suke tare har abin da bai wuce maikiron biyu zuwa biyar ba. Rariya kuwa in idonta ya ƙanƙanta, ta fi saurin toshewa.

Yadda wannan tsari ya shigo ƙananan taraktoci ma yana da tarihi. Dokar rage hayaƙi ta Amurka ta tsananta a shekarar 2013 a kan injinan da ƙarfinsu ya kama daga doki 25 zuwa 75, sai kamfanoni suka koma kwaman-rel da matatar hayaƙi a salansa don su cika sharaɗi. Shi ya sa za ka ga tarakta irin Kubota L2501 an tsayar da ƙarfinta a doki 24.8, ta tsaya daf da iyaka, ta ci gaba da amfani da injekta ta gargajiya, yayin da 'yan'uwanta L3301 da L3901 suka koma sabon tsari. Wannan ya shafi duk wanda zai sayi tarakta ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka ko Turai. Taraktoci biyu suna iya kama da juna a ido, launi ɗaya, girma kusan ɗaya, amma ɗaya za ta jure man duro na shekaru, ɗaya kuwa jarka guda mai ruwa ta isa ta kwantar da ita. Tambayar farko ga mai saye ita ce wane irin inji ke ciki, tun kafin a zo zancen taya da fenti.

To, ita filta ba ta san awa ba. Abin da ta sani shi ne yawan dattin da ya taru a jikin takardarta. Ɗauki tarakta mai ƙarfin doki 25 zuwa 30 da ke shan lita uku ko huɗu a awa in tana aiki sosai. Cikin awa 400 ta sha lita 1,200 zuwa 1,600, wato duro shida zuwa takwas. Kamfani ya auna cewa takardar za ta iya riƙe dattin da ke cikin wannan adadi na mai mai tsabta, har da ɗan rara. In dattin da ke cikin kowace lita ya ninka biyu, takardar za ta cika a rabin lokaci. In kuwa aka yi rashin sa'a aka zuba gindin duro, tana iya cika a yini guda. Filtar da aka sa jiya ta toshe yau ba abin mamaki ba ne, ba kuma lallai laifinta ba ne; aikinta ta yi.

Inda dattin ke fitowa a wurinmu, duk wanda ya taɓa kai mai gona ya sani. Tarakta ba ta zuwa gidan mai, mai ne ke zuwa wurinta. A sayo a duro ko a jarka, a ɗora a bayan a-kori-kura ko babur, a bi hanyar burji, a ajiye a gindin bishiya. Jarkar jiya da me aka ɗauko a cikinta? Mazurarin da aka zuba da shi a ina ya kwana? Sau da yawa gorar ruwa ce aka yanke, tana yashe a ƙasa tun safe, ƙura ta manne a jikinta don akwai maiƙo. Tiyon da ake zuƙo mai da shi daga duro, bakinsa har gindi yake kaiwa, inda duk laka da ruwa suka kwanta. In mai ya yi wuya aka koma wurin 'yan bumburutu, to babu wanda zai iya rantse maka hannu nawa ya bi kafin ya zo, ko an yi masa algus da kananzir. Kananzir ba ya toshe filta, hasali ma wucewa yake yi salin-alin, amma ba shi da santsin gas, sai ya bar injekta tana cin kanta.

Sai kuma murfin tanki. Yana da ɗan ƙaramin rami da iska ke shiga ta cike gurbin man da aka sha, kuma iskar da ke kewaye da tarakta mai haro a busasshiyar ƙasa rabinta ƙura ce. In murfin asali ya ɓace aka toshe bakin da tsumma ko leda, an buɗe wa ƙura ƙofa ke nan. Haka ragar da ke bakin tanki: direbobi da yawa suna cire ta don tana rage saurin zuba mai.

Amma babban abokin gaba ruwa ne, kuma shi ne mutane suka fi rainawa. Ba sai wani ya zuba shi da gangan ba. Duron da aka tsayar a waje, ruwan sama yana taruwa a samansa kewaye da murfi. Rana ta yi zafi iskar ciki ta kumbura ta fita, dare ya yi sanyi duron ya zuƙo iska, ya zuƙo har da ruwan da ke kwance a bakin murfin. Tankin tarakta da aka bari rabi ya kwana, iskar da ke cikinsa tana ɗauke da laima, da sanyin asuba sai ta zama raɓa a jikin ƙarfe ta gangara ƙasa. Ɗigo kaɗan ne kowane dare, amma damina wata huɗu ce. Ruwa ya fi gas nauyi, sai ya kwanta a gindi, daidai inda bakin tiyo yake. In ya isa filta, takardar ta jiƙe ta kumbura, ramukanta su matse, ƙarfinta kuma ya ragu. Sannan a daidai inda ruwa ya haɗu da gas akwai ƙwayoyin halitta, bakteriya da dangin fumfuna, da ke zaune cikin ruwan suna cin gas ɗin. Su ne ke haifar da baƙin yauƙin da dattijon ya nuna mini. Zafin ƙasarmu kuwa daɗi yake yi musu. Wanda ya ga wannan yauƙi a filtarsa ya sani matsalar tana cikin tanki, kuma ko filta goma ya sa haka za su yi ta toshewa har sai an sauke tankin an wanke shi.

Akwai abu guda da ban sani ba sai da na karanta: ba a ajiye gas a mazubin da aka shafe cikinsa da zinki, irin farin ƙarfen bokitin wanka da kwanon rufi. Gas yana narkar da zinkin a hankali, ya bi mai ya je ya daskare a bakin nozil.

A ƙasashe masu sanyi irin Kanada da arewacin Amurka akwai wata damuwar daban: in sanyi ya tsananta, kakin da ke cikin gas yana daskarewa ya toshe filta ko da sabuwa ce. Sanyin hunturunmu bai kai nan ba. A Turai kuma ana gauraya gas da man tsirrai har kashi 7 cikin 100, shi kuwa yana jan laima kuma ba ya jure dogon ajiya. Kowace ƙasa da abin da ke cika mata filta, namu ƙura ce da ruwa da yawan juye-juye daga mazubi zuwa mazubi.

Sai batun ƙidayar awa, wanda shi ma ba a rasa ruɗani a cikinsa. A ƙasashen da aka fi sayar da waɗannan ƙananan taraktoci, da yawa daga masu su ba manoman sana'a ba ne. Mutum ya yanke ciyawar filinsa, ya kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, ya mayar da ita rumfa. Irin wannan zai iya shafe shekara huɗu bai cika awa 400 ba, shi ya sa aka ƙara masa sharaɗin shekara guda, don man da ya daɗe a kwance yana tsufa ya yi danƙo, takarda da robobin filta su ma suna tsufa ko ba a yi aiki da su ba. Taraktar haya a wurinmu akasin haka take. Daga saukar ruwan farko zuwa ƙarshen huɗa tana iya yin awa goma a yini, wato awa 400 cikin kwana arba'in. In kuma tana zuwa fadama noman rani, ko tana jan tirela da kaka, to sharaɗin shekara guda bai ma shafe ta ba, za ta ƙetare iyakar sau biyu ko uku kafin shekara ta zagayo. Wanda ya riƙe "sau ɗaya a shekara" a kan irin wannan tarakta ya ɗauki dokar da aka yi don wani.

Ita kanta mitar da ke ƙirga awa sai an yi hattara da ita. A tsofaffin taraktoci mitar tana bin juyawar inji ne, tana ƙirga awa cikakkiya in inji na gudu a wani mataki da aka ƙayyade, in yana silo, wato yana juyawa a hankali ba a taka shi ba, sai ta ƙirga ƙasa da haka. A sababbi agogo ce zalla. Wasu kuma mitar ta mutu tun kafin taraktar ta shigo hannun mai ita. Wanda mitarsa ta mutu ya ƙirga duro. Lissafin mai ba ya ɓata a wurin mai haya, kuma kamar yadda aka gani, yawan man da ya bi ta filta ya fi awa kusa da gaskiya.

Ga yadda nake ganin ya dace, bisa abin da muka gwada. Wanda ke samun mai daga gidan mai amintacce, yake ajiye shi a mazubi mai tsabta a rufe, ya bi littafinsa, ba shi da dalilin zubar da filta mai rai. Wanda ke aiki da man duro da jarka a cikin ƙura, ya raba adadin littafi biyu: awa 200 zuwa 250, ko duro uku zuwa biyar ga ƙaramar tarakta. In kwaman-rel ce, ya karkata ga ƙaramin adadin. Kowa kuma, ko mitarsa ta ce me, ya shiga damina da sabuwar filta, a sa ta tun cikin bazara lokacin da babu mai jira a bakin gona. Wanda ya sayi tarakta ta hannu ya sauya a ranar da ta shigo gida, ya sake sauyawa bayan kamar awa 50, don sabon mai da girgizar aiki suna tayar da tsohuwar lakar da ta kwanta a tanki. Haka duk lokacin da aka tabbatar an sha mugun mai: a zubar da na tanki, a sa sabuwar filta, kada a tsaya jiran awa.

Abin da ya fi duk wannan lissafi amfani shi ne leƙa kofin kowace safiya kafin a tayar da inji. Da dare ruwa ya kwanta, da safe ana ganinsa ƙarara. A wasu taraktocin Kubota akwai jan zobe a cikin kofin, yana nutsewa a gas amma yana yawo a kan ruwa. Da ka ga ya taso daga gindi ka san ruwa ya shiga. A rufe famfon mai, a kwance, a zubar, a mayar. Bai fi minti biyu ba. Kofin ne zai gaya maka halin man da kake saye: in kullum garau yake, kana iya kusantar adadin littafi, in duk kwana uku sai ka zubar da ruwa da laka, ka san filtar ma tana shan wahala.

Alamomin toshewa kuwa su ne waɗanda direbanmu ya bayyana. A silo inji ba ya buƙatar mai da yawa, ɗan abin da ke tsiyaya ta toshasshiyar takarda ya ishe shi, sai ka ji shi lafiya. Da an sa masa kaya, garma ta shiga ƙasa ko tirela ta fuskanci tudu, ya nemi mai ya rasa, ƙarfi ya faɗi, ya yi ta hawa da sauka, ya mutu. In ya huta, mai ya tsiyaya ya cika filtar, dattin da matsi ya manna a takarda ya ɗan saki, sai ya tashi kamar ba abin da ya faru. Mai sabon inji yakan ga fitila ta kama a gaban direba, kwamfuta ta rage ƙarfin da kanta. Akwai abubuwan da ke kwaikwayon wannan ciwo, kamar toshewar ramin murfin tanki ko tiyo mai tsaga da ke shan iska. Gwajin murfi mai sauƙi ne: in ta fara shaƙewa a sassauta shi, in aka ji iska ta shige da ƙara kuma inji ya farfaɗo, to murfin ne. Baƙin hayaƙi mai yawa kuwa ya fi nuna filtar iska, ba ta gas ba.

Wasu na cewa tunda filtar gas in ta toshe kashe inji kawai take yi, a bar ta sai ta nuna alama. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar: ba kamar filtar baƙin mai ba, wadda ke da ƙofar da ke buɗewa in ta toshe, yawancin filtocin gas ba su da wannan ƙofa. Amma famfo yana ci gaba da ja da ƙarfi, takardar da ruwa ya riga ya raunana tana iya yagewa, duk abin da ta tara na watanni ya wuce lokaci guda. Sannan injektar da ba ta samun isasshen mai tana rasa abin da ke sanyaya ta yana shafa ta. Bayan haka ga asarar yini guda a makon shuka, wadda ita kaɗai ta fi kuɗin filtocin shekara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dabarun da ake yi in filta ta toshe a daji babu wata a hannu. Na ga wanda ya wanke ta da fetur ya busa mata iska ya mayar. Dattin da ya shige cikin zaren takarda ba ya wankuwa, iska mai ƙarfi kuma huda takardar take yi, hudar da ido ba ya gani. Wankin da littafi ya ambata na awa 100 ɗauraya ce a hankali cikin kananzir ko gas mai tsabta, ga irin filtar da ke zaune cikin kofi, kuma bai hana a sauya ta in lokacinta ya yi ba. Filtar gwangwani da ake murɗawa ba a wanke ta sam. Na ga wanda ya sa ƙusa ya huda ta. Na ji labarin wanda ya haɗa tiyo kai tsaye ya tsallake ta gaba ɗaya. Duk waɗannan suna tayar da inji, a gama gonar ranar, kowa ya yi murna. Bayan wata biyu taraktar ta fara wuyar tashi da safe, tana farin hayaƙi, tana shan mai fiye da da, a kai injekta da nozil wurin masu gwaji, a biya abin da zai sayi filta masu yawan gaske. Sau da yawa direba ba mugunta ce ta sa shi ba, matsin masu gona ne da rashin wata a akwati. Laifin na mai tarakta ne da bai ajiye ba.

Jabun filta ma haka. Gwangwanin iri ɗaya, fenti iri ɗaya, har lambar iri ɗaya, amma in ka yanka sai ka tarar takardar kaɗan ce, ninkinta a warwatse, gam ɗin da ya riƙe ta bai kama ba. Irin wannan ba ta toshewa da wuri, sai mai ita ya yi ta yabonta, alhali dalilin shi ne ba ta tare komai. Araha ba ta ado. A sayi wadda lambarta ta dace da injin, daga dillalin da za a iya koma masa, kuma kada a sa ta tsohon inji a kan kwaman-rel don kawai bakinta ya hau.

Ranar sauyi ita ma rana ce da datti ke samun shiga, in ba a kula ba. A goge kewayen filtar tas kafin a kwance, kada a yi aikin a inda iska ke kaɗa ƙura. A sa sababbin robobin da suka zo da ita, a tabbatar tsohuwar roba ba ta maƙale a sama ba, a shafa wa sabuwar ɗan gas, a ɗaure da hannu ba da ƙarfin sifana ba. Makanikai da yawa sun saba cika sabuwar filta da gas daga jarka kafin su ɗaura, don inji ya yi saurin tashi. Man da aka zuba ta tsakiyar filta ya faɗa ɓangaren da aka riga aka tace, zai wuce injekta ba tare da ya bi ta takarda ba. A sabon inji wannan kuskure ne mai tsada. A ɗaura ta a bushe, a cire iska yadda littafi ya nuna: wasu da ɗan famfon hannu da notin da ake sassautawa har kumfa ta ƙare, wasu kuma kunna makulli kawai ake yi famfon lantarki ya cika ta da kansa. Kada a yi ta murza makulli har batir ya mutu. A kan kwaman-rel kuma kada kowa ya kuskura ya sassauta bututun ƙarfen da ke zuwa nozil inji na aiki, ko ya sa hannu yana laluben inda ke yoyo. Man da ke fita a wannan matsi yana huda fata ya shige tsoka, raunin kamar tsinin allura a ido, amma yana iya kai mutum ga rasa yatsa ko hannu in ba a garzaya asibiti ba.

A gidanmu yanzu duron gas yana kwance ne a kan katako cikin rumfa, bayansa ya ɗan yi ƙasa don laka da ruwa su taru can nesa da famfo. In an kawo sabon mai sai ya kwana ya wuni kafin a taɓa shi, kuma ba ma tatse duro har gindi. Abin da ya rage a ƙasa na wanke kayan aiki ne. Mazurari yana da raga, yana kwana cikin leda a ɗaure. Direba yana cika tanki da yamma in ya tashi aiki, ba da safe ba. Kowace filta aka ɗaura, ina rubuta kwanan wata da lambar mita a jikinta da alƙalamin fenti, kuma akwai biyu sababbi a akwatin da ke ƙarƙashin kujera, naɗe cikin ledarsu. Wadda aka cire ba na yar da ita sai na yanka na duba. Ta ƙarshen daminar bana ta yi awa 230, takardarta ta yi ruwan ƙasa daga waje, cikinta kuwa rawaya ne har yanzu, babu yauƙi.